Ina son in ɗora shagon walda bisa mota a Tawa, masu sana'a ku ba ni shawara

Ɗan_Ader:

Assalamu alaikum ƴan uwa masu sana'a. Ni mai walda ne nan Tawa, tun ina yaro na koyi aikin hannun maigidana, daga baya na tafi bida Abijan na yi aiki garejin da ake gyaran manyan motoci, to yanzu na dawo gida da ɗan abin da Allah ya hore mini, kamar miliyan 3 na sefa, kuma gaskiya ba ni son in kafa rumfa bakin hanya in zamna ina jiran mai son ƙofa da mai son taga, masu wanga aiki sun yi yawa cikin gari kowa na karya ma ɗan uwanshi farashi, ga shi in anka ɗauke wuta sai a zamna ana kallon juna har la'asar.

Abin da ke raina shi ne in sayi tsohuwar mota mai buɗaɗɗen baya in ɗora injin walda da gurup, wato janareto mai ba da wuta, da kayan yanka, in riƙa bin aiki inda shike. Don na lura mutanen ƙauye na shan wahala ƙwarai, amalanke ta karye a gona sai an kwance ta an ɗora ma wata amalanke an kawo gari, injin niƙa ƙafarshi ta tsage mata duka sun koma turmi har sai an samu mai zuwa, kamiyo ya ɗauko albasa ya lalace tsakanin Tsarnawa da Badagishiri direba na kwana bakin hanya saboda ƙarfe guda da bai fi tafin hannu ba. Ga kuma masu gini da ke son a kafa musu ƙofar gida ko ƙafafun tankin ruwa wurin da ko turken wuta babu.

To wace mota ta dace da wanga kuɗi, tsohuwar Hilux ko Peugeot 504, ko Hiace in rufe kayana ciki saboda ɓarayi? Injin walda kuma, ƙaramin nan na inbata in haɗa da gurup, ko babban mai gazuwal da ke ba da wutar walda da kanshi? Kwalaben gas na yanka fa, in ɗauka ko in bari? Wanda ya taɓa yi ko ya ga an yi don Allah shi taimaka mini, kuɗin ga gumina ne ba ni son in zubar.

Baba_Katako:

Wa alaikumus salam ɗana, barka da dawowa gida, Allah ya sa albarka cikin abin da ka samo. Tunaninka mai kyau ne, amma ka faro shi daga wutsiya. Mota ita ce ta ƙarshe a lissafin, abin da zai ba ka abinci shi ne wutar da za ka kai inda babu wuta, saboda haka injin da gurup ne za su fara cin kuɗin, abin da ya rage shi ne zai gaya maka irin motar da za ka hau. Mu nan Yamai mun ga darajar gurup a watan Agusta 2023 lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, ba a maido ta ba sai Maris 2024, duk tsawon watannin nan mai walda da ke da gurup nashi shi ne ya yi aiki yadda ya kamata.

Ka san lissafin baget, wato sandar walda, amma bari in maimaita don gurup ɗin. Baget mai kaurin milimita 2.5 tana son ƙarfin wuta amfa 70 zuwa 100, ta 3.2 wajen 100 zuwa 130, ta 4 kuma daga 140 har 180. Yawancin aikin da za ka tarar a ƙauye 3.2 ce, ta 4 sai ƙarfe mai kauri na manyan motoci. To inbata mai amfa 200 na gaskiya ta ishe ka, amma kar ka haɗa ta da gurup ɗin nan na 3 kVA da ake kunna firiji da talabijin, zai riƙa shaƙewa duk lokacin da baget ta taɓa ƙarfe, wuta na hawa tana sauka, kuma wannan hawa da saukar ita ke ƙona katin lantarkin da ke cikin inbata. Nemi 7 ko 8 kVA, wanda ke da AVR mai daidaita wuta, don ka tuna ba walda kaɗai zai ɗauka ba, yaronka na can yana yanka da mel, injin nan na yanka da goge ƙarfe, a lokaci guda. Kuma kullum gurup za ka fara tayarwa ka bar shi ya daidaita sannan ka kunna injin, in an gama ka kashe injin kafin gurup.

Injin nan mai naɗin waya da ake yi a gida, wanda kowa ke da shi a rumfa, bar shi a rumfa. Yana da ƙarko ba na musu, amma nauyi gare shi, yana fizgar wuta da ƙarfi, kuma baget mai lamba 7018, ta aikin nauyi, ba ta tafiya da kyau a kanshi.

Wurin sayen inbata ka buɗe ido. Da yawa an rubuta musu 300 ko 400 a jiki alhali ko 160 ba su kai ba. Duba ƙaramin allon da ke bayanta ko ƙarƙashinta, akwai inda ake rubuta kashi nawa cikin ɗari take iya aiki, in ka ga 60% a amfa kaza to ma'anarsa cikin minti 10 minti 6 take aiki 4 ta huta, kuma a zafin digiri 40 ake auna wannan, kai kuwa ka san Tawa a watan Afrilu da Mayu ta wuce nan. Kar ka biya sai ka ƙona baget 3.2 guda huɗu ko biyar a jere a gaban mai kayan, in fitilar zafi ta kama ta yanke to ka ajiye mishi abinshi. Ni da zan ba ka shawara biyu za ka saya, ɗaya na aiki ɗaya na cikin akwati, don in ta mutu maka a wani ƙauye bayan Keita babu mai gyara kusa, ka ƙona mai a banza kuma ka ji kunya gaban mutane.

Abin da ke kashe su a ƙasarmu ƙura ce. Fankarta na zuƙar iska, lokacin hunturu ta zuƙi ƙurar buji, in kuma kana goge ƙarfe kusa da ita ta zuƙi garin ƙarfe, shi wannan ya fi muni don yana ɗaukar wuta sai ya haɗa abin da bai kamata ya haɗu ba a kan katin. Ka ajiye ta nesa da inda tartsatsin mel ke zuba, kar ka aje ta a ƙasa cikin rairayi, kuma lokaci lokaci a buɗe a hure ta da iska wurin mai faci. Filtar iskar gurup ma haka.

Babban mai gazuwal irin su Denyo ko Lincoln, wannan shi ne sarkin aikin daji, yini guda yana ƙona baget 4 ko a jikinshi, kuma yana ba ka wutar 220 irin ta gida don mel da fitila. Amma nauyinshi ɗaruruwan kilo ne, mai lafiya na da tsada, mai arha kuma yawanci an gama cin moriyarsa a wani kamfani, kayan gyaransa sai an yi cigiya. Da kuɗinka bai kai lokacinsa ba tukuna, in aiki ya buɗe ka saye shi daga cikin riba.

Kabul kar ka yi rowa. Jan ƙarfe na gaske mai kauri 25 ko 35 mm², kankare bakinshi da wuƙa kafin ka biya, in ka ga fari a ciki to alminiyom ne aka shafa wa launi, zai yi zafi ya cinye maka wuta. Tunda inbata ba ta da nauyi ɗauke ta ka kai bakin aikin, ka ja wayar 220 mai kauri 4 mm² daga mota, kuma ka warware ta duka kar ka bar ta a naɗe tana aiki. Baget 6013 ta ƙofa da taga da ƙaramin aiki, 7018 ta abin da zai ɗauki nauyi, ita kuma ba ta son danshi ko kaɗan, yanki tiyo na roba ka yi mata murfi biyu ka zuba ta ciki, musamman da damina.

Sani_Tirisikil:

Salam. Ni dai a ganina mi zai kai ka ga tsohuwar mota da za ta riƙa cin kuɗinka wurin makaniki? Sayi babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya sabo fil, gurup da inbata da akwatin kaya duk za su shiga, mai kaɗan shike sha, kayan gyaranshi ko ina akwai, kuma kuɗi za su rage maka ka sayi ƙarfe ka aje. Akwai mai yin haka nan cikin gari yana bin masu gini kuma wallahi shina samu. In ka ga kasuwa ta karɓe ka sai ka saida shi ka ƙara ka sayi motar.

Makaniki_Ƙonni:

Malam Sani maganarka gaskiya ce in cikin gari zai tsaya, amma ɗan uwanmu ƙauye ya ce da bakin hanya. Ƙasar Adar duwatsu ne da kwazazzabai, wajen Keita da Buza in damina ta sauka koramu na yanke hanya, arewa wajen Abalak kuma rairayi, mai ƙafa uku da kaya bisa kanshi ba ya jure wanga, kuma in direba ya kira ka da dare ya ce shina kilomita 80 ba za ka kama hanya da shi ba.

Hiace kuma cire ta daga ranka ɗan uwa. Gurup ba a tada shi cikin rufaffen wuri, hayaƙinshi na kashe mutum ba tare da ya ji warin komi ba, ke nan kullum sai kun sauke shi kun ɗora, abu mai kusan kilo 90 ko fiye. Ga warin esansi, ga gas in ya yi yoyo babu inda zai fita, kai kuma kana zamne gaba da shi cikin ɗaki guda. Maganar ɓarayi akwatunan ƙarfe masu kwaɗo ke magance ta, kai da kake mai walda yini biyu ka ƙera su.

Tsakanin 504 da Hilux, 504 ta yi ma ƙasar ga aiki ba ƙarami ba kuma kowane makaniki ya san cikinta, amma sun tsufa ƙwarai, samun wadda shasinta bai ruɓe ba sai an tona. Tsohuwar Hilux mai gazuwal, masu injin 2L ko 3L ko 5L da ba su da kwamfuta, ita ta fi, sai dai mai lafiya za ta iya lashe kuɗinka duka ta bar ka ba injin ba baget, shi ya sa na yarda da Baba, sayi kayan aiki tukun. Ranar sayen mota kar ka duba fenti, shiga ƙarƙashi da tocila ka duba shasi wurin da sifirin ke kamawa, ka ga ko an taɓa liƙa shi, ka tada ta da sanyin safe ka ga irin hayaƙin da take yi.

Wurin jera kaya, irin waɗannan motoci kusan tan guda suke ɗauka, har da ku da ke ciki da mai da ruwa, kar ka cika ta da ƙarafa ka ce ai tana tafiya. Abu mafi nauyi, wato gurup, shi zamna daf da bayan kabin, gaban tayoyin baya, in ka kai shi can ƙarshe gaban motar zai yi sauƙi sitiyari shi riƙa yawo. Yi mishi firam ka ɗaure da kusoshi masu noti, ka sa roba a ƙarƙashi saboda girgiza, salansa ta kalli waje. Kar ka yi walda bisa shasin motarka don kafa komi, noti ya isa. Jarkar mai gefe guda, wurin aiki ɗaya gefen. Mazaunin maƙamshin ƙarfe wato eto ka yi shi can baya bisa faranti mai kauri. Ka yi rumfa sama don inuwar injuna, da fitila mai ƙarfi ta aikin dare, da alamar nan mai kusurwa uku ta ajiyewa bisa hanya, don manyan motocin da ke bin hanyar Ƙonni da dare ba su ganin mutum sai sun zo kanshi.

Tunda ka yi garejin manyan motoci ka sani, amma saboda masu karatu: kafin a taɓa mota da walda a cire kan batir, mas, wato maƙamshin kabul ɗin da ake maƙalawa jikin ƙarfen, a kama shi kusa da wurin liƙin, kar wuta ta ratsa ta cikin boris ta ɓata shi, sababbin kamiyo masu kwamfuta kuma a yi hankali ninki biyu. In shasi ya tsage a huda ƙaramin rami ƙarshen tsagar don kar ta ci gaba, a buɗe bakinta da mel, a cika da 7018, sannan a ɗora faci mai tsini gefe da gefe, ba mai kusurwa huɗu ba. Sifirin da ya karye da ƙarafan sitiyari ba a liƙa su, ko direba ya yi kuka ka ce a'a, rayukan mutane ne. Haka rim da taya a jikinshi, ko an sace iskar, zafi na iya fasa tayar.

Takardu kuma kar ka raina, kart giriz da asirans da bizit da patantinka, kuma rasit na gurup da injuna su zamna cikin mota kullum. In Illela ta Najeriya ko Sakkwato ka sayo su ka biya duwan ka karɓi takarda, ban da haka duk shinge sai ka yi bayani. Jarkokin mai da yawa ma na jawo tambaya, musamman in ka nufi arewa, ka san an sa Tillia da Tassara cikin dokar ta-ɓaci a 2017, ni dai ba na ba ka shawarar bin aiki can.

Malam_Mai_Koyarwa:

Ni ina koyar da yara wannan sana'ar ne, bari in amsa ta gas tunda ba wanda ya taɓa ta. Ɗan uwa da farko ka bari. Mel babba da ƙarama za su yanke maka kusan duk abin da za ka tarar, ka dai riƙe faifan yanka da yawa kuma kar ka cire musu murfin kariya yadda na ga yara na yi, faifai in ya fashe fuska yake nema. Ranar da ka ga lallai kana bukatar wuta don yanka ƙarfe mai kauri ko gasa wanda ya lanƙwashe a miƙe shi, to oksijan da gas ɗin girki sun isa yanka da gasawa in ka sa bakin da ya dace da shi, ba sai ka nemi asetilan ba. Tukunyar karbir ɗin nan mai fitar da gas na asetilan da ake haɗawa a gida kuma don Allah kar ta hau motarka, abin da ke tafasa yana tara iska ba a yawo da shi cikin gargada.

In ka ɗauki kwalabe, a tsaye za su yi tafiya, a ɗaure da sarƙa sama da ƙasa, a cire musu agogon daidaita gas a mayar da hular ƙarfe kafin mota ta motsa, kuma su samu inuwa da iska. Mai ko giris kar ya taɓa bakin kwalbar oksijan, ko da na hannunka ne, yana kamawa da wuta da kansa. Ka sa abin hana wuta komawa baya a kan tiyo biyun. Yoyo da ruwan sabulu ake nemansa.

Abin da ya fi damuna da aikin ƙauye shi ne gobara. A rumfarka ta gari ƙasa ce da ƙarfe kewaye da kai, a ƙauye kuwa zana ce da rumbu da karan dawa da harawa a kan rufi, ga iskar hunturu, tartsatsin mel yana tafiya mita da yawa kuma yana iya kwanciya cikin ciyawa ya ci a hankali sai kun tafi ya tashi. Rumbu ɗaya in ya ƙone abincin shekara ne na gida guda, kuma sunanka ya gama lalacewa a yankin. Saboda haka a jawo aikin fili, a share wurin, bokitin ruwa da na rairayi a kusa, da abin kashe gobara mai gari na kilo 6 a maƙale inda hannu zai kai, ba ƙarƙashin kaya ba. In an gama ku ɗan zauna ku sha ruwa kuna duban wurin kafin ku tafi.

Za a kawo maka duro da tankin mai da jarkar ƙarfe a ce ai babu komai ciki, an wanke. Wanda babu komai cikin shi ya fi kisa, don tururin man ne ke fashewa ba ruwansa ba, kuma an sha rasa masu walda ta wannan hanyar. Ka sa wa kanka doka ba ka taɓawa.

Yaran gari za su kewaye ka suna kallon hasken, sa babba ya kore su nesa, da dare ne idon zai kama su kamar an zuba yashi. Kai da yaronka kowa da gilashinsa mai lamba 10 ko 11, ba tabarau na rana ba, da safar hannu ta fata da takalmi rufaffe. Tiyon ruwa mai farin shafi kuma hayaƙinsa na sa zazzaɓi, goge shafin tukuna kuma ka tsaya ta inda iska ke fitowa.

Manomi_Galmi:

Ni ba mai walda ba ne, manomin albasa ne, amma mu ne za mu kira ka shi ya sa na sa baki. Wallahi muna bukata. Lokacin aikin rani abin da ke karye muna amalanke ce da tiyon rijiya da mazaunin injin ban ruwa da ƙafafun faranti na sola, kuma kwana biyu ba ruwa albasa ta ji jiki. Sai dai in gaya maka gaskiya, ba wanda zai iya biyan man motarka shi kaɗai don liƙi guda. Abin da zai yi maka shi ne ka tsaida rana, ka ce ranar kasuwar gari kaza ina nan gindin itace kaza tun safe, mutane su sani su tara aikinsu, cikin yini guda ka yi na mutum goma. Ka fara zuwa ka gaida mai gari, kuma ka nemi maƙerin garin ka yi hulɗa da shi kar shi ga ka zo cin abincinshi, shi ne ma zai riƙa tara maka abin da wutarshi ba ta iya yi.

Ka san kuma kuɗinmu na da lokaci. In anka kwashe albasa anka saida akwai kuɗi hannun kowa, nan ne ake son ƙofar ƙarfe da gado da sabuwar amalanke, amma lokacin shuka aljihu wayam, za a ce maka bashi. Wanda ka sani ka ɗaga mishi ƙafa, amma kar ka mai da shi al'ada. Rubuta lambar wayarka da manyan baƙaƙe jikin motar ta kowane gefe.

Tambaya gare ni ga masu sani, gangar jikin injin ban ruwa in ta tsage ana liƙa ta?

Ɗan_Ader:

Na gode ƙwarai, Allah shi saka ma kowa da alheri, Baba Allah shi ƙara girma. Na fasa Hiace, gas ma na aje shi gefe. Yanzu abin da na tsaida, gurup 8 kVA da inbata biyu da mel biyu da injin huda da kabul mai kyau, sannan in ga abin da ya rage. In bai kai Hilux mai lafiya ba wani abokina na da mota mai buɗaɗɗen baya, mun yi magana zai riƙa ba ni haya ranakun kasuwa har in ga yadda aikin ke tafiya, don maganar Alhaji na Galmi ta shige ni sosai. Saura guda Baba, wanda ya kira ni shi kaɗai, kamar direban da ya lalace bisa hanya, ƙaƙa zan yanke mishi kuɗin tafiya ba tare da na cuce shi ko na cuci kaina ba?

Baba_Katako:

Madalla ɗana, hayar nan ita ce daidai, wata biyu uku za ka san garuruwan da ke da aiki da waɗanda gaisuwa ce kawai.

Kuɗin tafiya daban kuɗin aiki daban, kuma tun a waya za ka faɗa mishi duka biyun kafin ka tada mota. Lissafa kilomita zuwa da dawowa, irin waɗannan motoci suna shan wajen lita 10 a kilomita 100 bisa kwalta, cikin rairayi ya fi haka, abin da ya kama na mai ka ƙara kusan rabinsa a kai saboda taya da baƙin mai da sifirin, su ma tafiyar ce ke cinye su. Gurup irin naka in yana aiki sosai yana shan lita 2 zuwa 3 a awa, wannan da baget da faifai suna cikin kuɗin aiki, da ladan yaronka. Na dare ya fi na rana, kowa ya san haka. Ka ce ya turo maka hoton wurin da ya karye ta WhatsApp, kusa da nesa, don ka san ko abin da ake liƙawa ne da irin ƙarfen da za ka ɗauko, kuma wanda ba ka sani ba ya turo kuɗin mai ta Nita ko Amana tukuna, don akan yi ka isa ka tarar wani ya riga ka ko sun ɗaure da waya sun wuce. In ka je ka ga aikin na cikin waɗanda makanikin Ƙonni ya lissafa ba a taɓawa, kuɗin tafiyarka dai ya tabbata.

Alhaji na Galmi, gangar jikin ƙananan injunan ban ruwa yawanci alminiyom ce, baget ta ƙarfe ba ta kama ta, wannan aikin mai injin argon ne a gari, kuma sau da yawa sayen wata gangar ya fi sauƙi. In kuma ta baƙin ƙarfen zubi ce irin ta manyan injuna masu gazuwal, ana liƙawa da baget ta nikel, kaɗan kaɗan ana bubbugawa, a bar ta ta huce a hankali cikin rairayi ko toka, ba a zuba mata ruwa. Sa maganaɗisu a jiki, in ya kama ƙarfe ne in bai kama ba alminiyom ce. Ɗana kai ma ka riƙe baget ɗin nikel ko guda goma a akwati, tana da tsada amma masu injin niƙa za su nema.

Kafin ka biya kuɗin gurup da inbata ɗauki hoton allon da ke jikinsu ka sa a nan in duba maka lambobin.